Tambayi Likitan Dabbobi: Kare da Zafin Bazara

Assalamu alaikum masu karatu. A wannan fili mun fi sabawa da maganar shanu da tumaki da kaji, amma tun da watan Maris ya kama, yawancin saƙonnin da ke iso mini a kan kare suke. Ban yi mamaki ba. Nan Sakkwato inda nake aiki, daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura digiri 40, haka Maiduguri, haka Yamai da Tawa. A farkon Afrilun 2024 har digiri 48.5 aka auna a garin Kayes na ƙasar Mali. Mutum kan nemi gindin darbejiya ya yi fifita, ya kai hannu randa. Karen da aka ɗaure ba ya iya ko ɗaya. Ga tambayoyin da na zaɓa.

Tambaya: Likita, ni mai gadi ne a wani gida. Maigidana ya sayo wani ƙaton kare mai gashi buzu-buzu, irin wanda ake kira Kokeshiyan. Da rana muna kulle shi a kejin ƙarfe mai rufin kwano a bayan gida, kusa da janareto, sai goma na dare mu sake shi. Kwanan nan ya daina cin abinci, yini yake yana haki, ko da dare ba ya haushi kamar da. Maigida yana zargin guba aka jefo masa ta katanga. Mene ne gaskiya? Daga wani mai gadi, Kano.

Amsa: Malam, sannu da aiki, kuma na gode da ka damu har ka rubuto. Ban ga karen ba, saboda haka a kai shi a duba shi. Amma abin da ka zayyana na gan shi sau da yawa, kuma ba na jin an jefo komai ta katanga. Kejin nan ne ke cin sa.

Bari in faɗa maka yadda jikinsa ke aiki. Ni da kai muna gumi daga goshi har tafin ƙafa, iska ta busar da gumin, jiki ya huce. Kare ba ya da wannan. Ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafarsa ne, bai kai ya kawo ba. Abin da ya dogara da shi shi ne hakin nan da kake gani: ya zaro harshe, iska ta riƙa shiga tana fita da sauri, danshin baki da hanci da maƙogwaro ya riƙa bushewa yana tafiya da zafi. To idan iskar da yake shaƙa ta fi jikinsa zafi fa? Zafin jikin lafiyayyen kare tsakanin digiri 38 ne da 39 da ɗan ɗoriya. Ka shiga kejin nan da ƙarfe biyu na rana ka rufe ƙofa, ka tsaya minti biyar, za ka ba kanka amsa. Kwano na zubo zafi daga sama, siminti na mayar da shi daga ƙasa, katanga ta tare iska, ga janareto a gefe yana hura nasa zafin da hayaƙi.

Sannan ka dubi asalin karen. Kakanninsa a duwatsun Kokesos suka tashi, wajen ƙasashen Jojiya da Armeniya da kudancin Rasha, inda suke gadin tumaki cikin dusar ƙanƙara. Gashinsa hawa biyu ne, na sama mai tsawo, na ƙasa mai laushi kamar auduga. An halicce shi ne don ya riƙe zafi. Ka kwatanta shi da karen Azawak na Buzaye, ko karen gidanmu na Hausa: siriri, dogayen ƙafafu, gajeren gashi, ba kitse. Shi wannan ɗan ƙasa ne, ya san rana. Kuma ko shi, in ka lura, da hantsi ya ɗaga sai ya ɓace. Yana ƙarƙashin rumbu, ko ya tona ƙasa mai danshi a gindin randa ya shimfiɗa ciki. Dabarar da ke cetonsa ke nan, kuma ita ce keji ya hana naku.

Wani Afrilu da ya wuce an kawo mini irin wannan kare a bayan a-kori-kura, an lulluɓe shi da bargo wai don kada rana ta taɓa shi. Na sa ma'auni, ya haura 42. Mun yi ta zuba masa ruwa, muka sa masa ƙarin ruwa ta jijiya, har ya ɗago kai da magariba, yaron da ke kula da shi ya yi murna. Kwana biyu bayan nan ya mutu, ƙoda ta riga ta lalace. Yaron ya zauna a ƙofar ɗakin magani yana kuka, kuma ba shi ya gina kejin ba. Har yau in na wuce gida na hango keji a rana sai na tuna da shi.

Ga abin da za ka gaya wa maigida, cikin ladabi, ka ce likita ne ya ce. A ɗauke kejin daga wajen janareto a kai shi inda inuwa ke zama tun daga hantsi har la'asar, don inuwar safe ba ita ce ta azahar ba, sai ka bi ta yini guda ka gani. In ba bishiya, a kafa rumfar zana ko ta kara a saman kwanon, a bar tazara tsakaninsu yadda iska za ta ratsa. A buɗe ɓangarori biyu na kejin a sa waya. A zuba yashi a gefe ɗaya, kana yayyafa masa ruwa safe da azahar, ya samu wurin kwanciya mai sanyi. Abin da ya fi duka, in akwai baranda ko wani ɗaki mai iska da ba kowa, a bar shi ya yini a can.

Ruwa kuwa kada ya yanke ko na awa ɗaya. A ƙa'ida kare na buƙatar mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Naku in ya kai kilo 50, wajen lita uku ke nan, ledar ruwa shida, a ranar da ba zafi. A bazara ka ninka. Kada ka zuba a kwanon ƙarfe ka ajiye a rana, da azahar ya zama ruwan shayi. Nemi kasko na ƙasa mai faɗi mai nauyi, wanda ba zai ture shi ba, yumɓu na sanyaya ruwa kamar yadda randa ke yi. Ka ajiye guda biyu. Abinci kuma ka mayar da shi asuba da bayan magariba, kada ka bar ragowa ta yini tana tsami. Rage ci kaɗan a zafi ba abin tsoro ba ne. Daina ci gaba ɗaya da rashin kuzari shi ne ya sa na ce a kai shi asibiti, a duba har da kaska, domin ciwon da kaska ke sa wa a jini shi ma yana kawo zazzaɓi da kasala, kuma kare mai irin wannan gashin kan ɓoye kaska da yawa.

Tambaya: Likita, a unguwarmu wani kare ya fito da rana yana tangaɗi, bakinsa na dalala, idonsa jawur. Samari suka ce mahaukaci ne, zafi ya haukata shi, suka kashe shi da duwatsu. Daga baya muka ji na wani bawan Allah ne, ya tsinke igiya. Shin zafi na kawo haukan kare? Daga wata malamar makaranta, Gusau.

Amsa: Malama, wannan tambaya ta taɓa ni ƙwarai. A'a, zafi ba ya kawo ciwon haukan kare. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana shiga ta yawun dabbar da ke ɗauke da ita in ta yi cizo, ta ɗauki makonni ko watanni tana bin jijiya kafin ta kai ƙwaƙwalwa. Ko da damina ko da hunturu ana kamuwa. Karen da ba a cije shi ba, rana ba za ta haukata shi ba komai zafinta.

Abin da rana ke yi daban ne, sai dai daga nesa suna kama, shi ya sa ake kashe karnukan da bokiti biyu na ruwa zai iya ceto. Wanda zafi ya buge, abin na zuwa masa ne cikin ɗan lokaci: da safe lafiya lau, da azahar ga shi yana haki ba ƙaƙƙautawa, harshe ya yi faɗi ya zazzago, yawu ya yi kauri yana yauƙi, dasashi ya yi ja sosai. In abin ya ci gaba sai amai da zawo, wani lokaci da jini, sai tangaɗi, sai faɗuwa, sai jijjiga. Ba ya neman kowa da faɗa, inuwa yake nema. Mai ciwon hauka kuwa halinsa ne ke fara canzawa cikin kwanaki: mai fara'a ya koma ɓuya, ko ya riƙa yawo ba dalili yana kai cizo ga itace da dutse da duk abin da ya gifta, muryarsa ta sauya, wani kuma muƙamuƙinsa ya saki ya kasa rufe baki.

Ban ce samari su je su rungumi baƙon kare mai dalala ba. Ciwon hauka in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tashi. In ba a san karen ba, a janye yara, kada kowa ya kai hannu bakinsa, a watsa masa ruwa daga nesa, a kira ma'aikatan dabbobi. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar don allura. Masu karnuka kuma su yi musu rigakafi tun suna wata uku, su riƙa sabuntawa duk shekara. Ana sarrafa allurar wannan rigakafi a Najeriya, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato. Karen da ke da katin allura da abin wuya, unguwa ta san shi, ba a saurin ɗaukar masa dutse.

In kuwa naka ne zafi ya buge, to ka riƙe wannan: sanyaya tukuna, asibiti daga baya. Ka ja shi inuwa, ka yi ta kwara masa ruwan randa ko na rijiya a wuya da ciki da hammata da cinyoyi har ya jiƙe zuwa fata, wani na yi masa fifita ko a kunna fanka. Ƙarami mai lafiya ana iya tsoma jikinsa a baho, kai a waje. Kada a rufa masa jiƙaƙƙen buhu ko tawul a bar shi, yana tsare zafin ne. In yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa ya lasa kaɗan-kaɗan, in ba ya ciki kada a ɗura masa, zai shaƙe. Kada a ba shi farasitamol, ba zazzaɓi ba ne, ba abin da zai yi masa, ibuprofen kuwa guba ne gare shi, yana cin ciki da ƙoda. In akwai ma'auni, a dakata da zuba ruwa idan ya sauko wajen 39.5. Daga nan a kai shi wurin likita ko da ya miƙe yana kaɗa wutsiya, domin da zarar zafin jiki ya wuce 41, ɓarnar da yake yi wa ƙoda da hanji da jini kan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ta fito. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a jihohi, akwai kuma na koyarwa a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Tambaya: Likita, mu mafarauta ne, gado muka yi. Lokacin farautarmu shi ne rani zuwa bazara. Bara karyata mafi gudu ta faɗi a daji bayan ta kori zomo, ba ta ƙara tashi ba. Dattawanmu sun ce kada a ba kare ruwa kafin fita, wai yana kashe masa zuciya. Me ka gani? Daga wani mafarauci, ƙasar Haɗeja.

Amsa: Baba, Allah ya mayar maka da alheri. Na san abin da karya irin wannan take a wurin mafarauci, don kakana na wajen uwa ma ya yi farauta, kuma da sunan karnukansa yake ba mu labari kamar 'ya'yansa. Ba zan raina ilimin dattawa ba, sun fi ni sanin daji. Akwai gaskiya a maganarsu ta gefe ɗaya: kare ya cika ciki dam da abinci ko ruwa sannan ya shiga gudu, wannan na iya cutar da shi. Amma a fita da shi da ƙishirwa, nan na rabu da su. Haki da ruwan jiki ake yin sa. Karen da ya fita a bushe ya fita ba makami.

Mutane na ɗauka karen da aka kulle ne kaɗai zafi ke kashewa. Masana a kwalejin likitancin dabbobi ta Landan sun bi bayanan asibitoci a Birtaniya, suka fitar da sakamako a 2020, suka samu kusan kashi uku cikin huɗu na karnukan da zafi ya buge, gudu ko yawo ne ya jawo. Wannan fa a ƙasar da zafinta bai kama ƙafar namu ba. Dalili shi ne tsoka in tana aiki wuta take haifarwa, kuma kare mai zuciya ba ya tsayawa don kansa. Muddin yana ganin zomo, ko yana jin muryarka, zai yi ta gudu har ya faɗi. Wanda ya fi ƙwazo shi ya fi shiga haɗari, shi ya sa mafi gudun ce ta tafi. Kai ne za ka tsayar da shi.

Ka ba su ruwa su sha da dare, su ƙara da asuba kamar awa ɗaya kafin fita. Ba a fafe gora ranar tafiya: a ware jarka ko gora ta karnuka daban da ta mutane, da ɗan ƙoƙo. Bayan kowace kora a ja su inuwa, a ba su kaɗan, a jiƙa musu ciki da wuya, kada a sake su sai harshe ya koma baki. Daga hantsi ya yi zafi har zuwa la'asar, a ɗaure su a inuwa tare da ku. Ka riƙa duba tafin ƙafarsu, yashin azahar na saɓule fata. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa ka ƙirga bakwai, in ka kasa jurewa, su ma ƙonewa suke. Ka fi yin hattara a ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, lokacin da hadari ke haɗuwa ya watse ba ruwa, iska ta yi nauyi. A irin ranakun nan danshin baki ba ya bushewa da sauri, hakin ba ya biyan buƙata. Tsohon kare, da karya mai ciki ko mai shayarwa, da wanda ya tashi daga ciwo, a bar su gida.

Tambaya: In yi wa karena aski ƙwal-ƙwal saboda zafi? Alseshan ne, irin karen Jamus ɗin nan mai yawan gashi. Daga wani ɗalibi, Zariya.

Amsa: Ɗana, kada ka yi. Gashin sama shi ke kare fatarsa daga rana da ƙuda, in ka kwashe shi sai fata ta ƙone, wani lokaci ma gashin ba ya dawowa daidai. Na ƙasan nan mai laushi da ya mutu ya cunkushe shi ne matsalar. Ka sami burushi ko mataji mai ƙarfi kana taje shi kullum da yamma, za ka sha mamakin abin da zai fito. Inda ya dunƙule ka rage da almakashi a hankali.

Tambaya: Likita, maƙwabcinmu ya ɗaure kare da sarƙa a filin da yake gini, yana gadin siminti. Sai ya kwana biyu bai leƙo ba. Ina jin kukansa da rana har cikin ɗakina. Ina so in kai masa ruwa, amma ina ƙyamar kare, kuma surukata ta ce ba ruwan Musulmi da shi. Daga wata uwa, Katsina.

Amsa: Hajiya, ki kai masa. Ni ba malami ba ne, amma abin da zan faɗa kowane ɗalibin islamiyya ya san shi. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mutum ya sha ruwa a rijiya, ya fito ya tarar da kare yana lallage yana cin danshin ƙasa don ƙishirwa, sai ya koma ya ciko huffinsa, ya riƙe da baki ya hauro ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Ki karanta wa Inna wannan cikin girmamawa, ina kyautata zaton za ta ce a ƙara da tuwo.

Ba sai kin taɓa shi ba. Ki ware tsohon kasko ya zama nasa, a tura masa da sanda zuwa inda sarƙar ta kai, a riƙa cikawa da buta daga nesa. Babba ya yi wannan, kada a aiki yara, don karen da ya sha wuya a ɗaure kan yi saurin cizo. In za a ba shi ragowar abinci, a guji mai albasa da yawa, tana lalata musu jini. A jingina tsohuwar zana ko buhu a kan sanduna ya samu inuwa, don sarƙar ƙarfe kanta tana ɗaukar zafi ta ƙone masa wuya, kuma takan naɗe a jikin turke ta hana shi kaiwa ga ruwan.

Amma wannan taimakon gaggawa ne. Maigidanki ya sami maƙwabcin ya yi masa magana, in bai ji ba a kai wa mai unguwa. Wanda ya ɗaure dabba ya hana ta neman abin kanta, ya ɗauki cinta da shanta da inuwarta a wuyansa. Hadisin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu sananne ne, a tuna masa.

Tambaya: Zan kai karena rigakafi, tafiyar awa ɗaya ce. In sa shi a but ɗin mota? Daga wani ɗan kasuwa, Maraɗi.

Amsa: Alhaji, kada ka sa shi a but, ba iska a ciki, kuma ba za ka ga halin da yake ciki ba. Ka shimfiɗa buhu a kujerar baya, ko ka sa shi a keji mai ramuka, a sauke gilashi ko a kunna na'urar sanyi. Ku kama hanya da asuba yadda za ku dawo kafin hantsi ya yi zafi, ka riƙe jarkar ruwa da kwanonsa. In ka tsaya sayen wani abu ko salla, kada ka bar shi a rufe a ciki ko da ka ɗan sauke gilashi. Motar da aka ajiye a rana zafin cikinta kan ƙaru da kusan digiri 10 a minti goma na farko, ka lissafa in a waje ana 42. Ka tafi da yaro wanda karen ya saba da shi, in kun tsaya ya fito da shi ya riƙe shi a inuwa har ka dawo.